Kafanchan ko Fantswam: Da Wane Suna Za Ka Yi Cigiya?

Wata Asabar da yamma 'yar maƙwabcina a Kafanchan ta yi sallama, ta shigo da waya a hannu, fuskarta ba walwala. Ɗaliba ce, an ba ta aikin rubuta tarihin mutanenta, Bajju, a zamanin Turawa.

Ta ce, "Baba, yau kwana uku ke nan ina nema. Duk abin da ke fitowa na jiya-jiya ne, daga bukukuwa sai siyasa. Kamar kakanninmu ba su yi zamani da Turawa ba."

Na ce, "'Yata, wane suna kika rubuta?"

Ta ce, "Bajju mana, Baba."

Na ce, "To rubuta Kaje."

Ta ɗaure fuska, domin suna ne da ba ta son a kira ta da shi, kuma tana da gaskiyarta. Amma ta daure ta rubuta. Nan take tsofaffin rubuce-rubuce suka fara bayyana. Na ce ta sake gwadawa da Kajji, ta haɗa shi da Kagoro. Sai ga abin da wani jami'in mulkin mallaka, A.J.N. Tremearne, ya wallafa a 1912 bayan ya yi aiki a masarautar Jama'a. Kakanninta suna nan a rubuce tun fiye da shekara ɗari, amma an ajiye su ƙarƙashin sunan da jikanyarsu ba ta amsawa.

Tun daga ranar nake juya maganar a raina. Ana yawan koya wa matasa dabarun nema a intanet, wato alamomin da ake sakawa domin na'ura ta fito da ainihin shafin da ake so. Dabarun suna da amfani, kuma zan kawo su. Sai dai a ƙasa irin Kudancin Kaduna, inda kusan kowace al'umma ke da suna biyu ko uku, kowane suna kuma da rubutu iri-iri, dabara ba ta aiki sai a hannun wanda ya san sunaye.

Nema, lalube, bincike, cigiya

Bari mu fara da sunan aikin kansa. Kafofin labarai na Hausa kan yi wa Google kirari da matambayi ba ya ɓata. Kirarin ya dace, amma akwai sharaɗin da kowane matafiyi ya sani: wanda ya tambayi hanyar Samaru a tashar Kaduna bai faɗi wace Samaru ba, yana iya kwana a Zariya alhali Samarun Kataf ya nufa. Tambaya tana kai mutum gida ne idan ta cika.

Hausa tana da kalmomi da dama na wannan aiki, kuma kowace da nata gurbin. Nema ita ce uwa, ta haɗa neman abinci, neman aure, neman ilimi. Lalube na mai duhu ne, ya miƙa hannu cikin jaka ko ƙarƙashin gado, abin da ya taɓa shi ne nasa. Yawancinmu lalube muke yi a waya: mu jefa kalma ɗaya ko biyu, mu karɓi abin da ya zo a sama. Bincike ya fi nauyi, akwai tonawa da tantancewa a cikinsa, shi ya sa ake cewa binciken 'yan sanda, binciken likita, binciken jami'a. Bin diddigi kuma na wanda ya riga ya ga sawu ne, yana bi har ya kai tushe.

Wasu masu fassara kan kira ɓangaren da ke ba mutum damar sa sharuɗɗa da bincike mai zurfi. Ban ƙi ba, amma a ganina kalmar da ta fi kama aikin ita ce cigiya. Duk wanda ya taɓa jin cigiya a rediyo ko a lasifikar kasuwa ya san tsarinta. Mai cigiyar akuya ba ya tsayawa a "akuyata ta ɓata". Zai ce ja ce, mai farin goshi, ba ta da ƙaho, ta ɓata ranar Alhamis a bakin kasuwa. Ya faɗi kamanni, ya faɗi abin da babu, ya faɗi wuri, ya faɗi rana. Waɗannan huɗun su ne ginshiƙan abin da injin nema ke karɓa: ainihin kalma, kalmar da za a cire, rumbun da za a duba, da lokaci. Bahaushe ya iya wannan tun kafin a ƙera kwamfuta. Abin da ya rage masa shi ne sanin alamar kowanne.

Sunayen da suka fara da Ka

Duk wanda ya zauna a wannan yanki kunnensa ya saba da jerin nan: Kataf, Kaje, Kagoro, Kagoma, Kaninkon, Kamantan, Kadara, Kafanchan. Da waɗannan sunaye Hausawa fatake da masu sarauta suka san mutanen, daga bakinsu kuma Turawa suka karɓa suka zuba a takarda. Amma in ka tambayi masu sunan, wani jeri za ka ji: Atyap, Bajju, Agworok, Gwong, Nikyob, Anghan, Adara, Fantswam.

Jera su biyu-biyu ka saurara. Cire Ka daga Kadara, ga Adara ta leƙo. Cire ta daga Kagoro, ga Gworok. Katab, kamar yadda Turawa suka fi rubutawa, ba ta da nisa da Tyap, harshen Atyap. Kafanchan kuwa Fantswam ce da harshen Bahaushe ya sassauta, ya ɗora mata Ka a goshi. Daga ina wannan Ka ta fito? Harshen Jju ya ba mu haske. A wurinsu mutanen Bajju ne, harshen Jju, ƙasar kuma Kajju. Ke nan Ka ɗin tana nuna wuri, kamar yadda muke da Bahaushe, Hausawa, Hausa da ƙasar Hausa. Fahimtata ita ce baƙon da ya iso ya tambayi sunan ƙasa, aka faɗa masa, sai ya ɗauki sunan ƙasar ya liƙa wa mutanenta da harshensu baki ɗaya. Daga Kajju zuwa Kaje taki ɗaya ne.

Akwai waɗanda ba su bi wannan layi ba. Jaba su ne Ham, harshensu Hyam. Marwa ko Moro'a, masu hedikwata a Manchok, su ne Asholio. Attakar su ne Takad. Ikulu su ne Bakulu, Chawai su ne Atsam, Kurama su ne Akurmi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun kira Gbagyi da Gwari, mun kira Kanuri da Barebari, mun kira Fulɓe da Fulani yayin da Faransawa suka kira su Peul. Ko'ina a duniya maƙwabci kan raɗa wa maƙwabci suna. Abin da ya sa batun ya yi zafi a Kudancin Kaduna shi ne sunayen sun zo tare da tarihin hare-haren kamun bayi, da haraji, da hakiman da ake turowa daga Zazzau. Don haka idan ɗan Bajju ya ce kada a ce masa Kaje, wani abu yake tunawa, kuma haƙƙinsa ne a saurare shi.

Ga mai cigiya, darasi na farko ke nan: al'umma ɗaya, suna aƙalla biyu. Injin Google yana da kalmar da ke haɗa su, OR, da manyan baƙaƙe. Idan ka rubuta Atyap OR Kataf OR Katab, ka ce masa duk shafin da ke ɗauke da ɗaya daga cikin ukun, kawo shi. Wanda ya rubuta ɗaya kawai ya rufe wa kansa ƙofa biyu.

Kowane suna da zamaninsa

A 2019 Google ya ƙara wasu kalmomi biyu na lokaci, before: da after:, kowace da ruwa biyu a ƙarshenta, sai shekara ta biyo. Suna da kyau ga mai neman labarin jarida, misali abin da aka rubuta kan cutar da ta lalata citta a Kachia da Jaba da Kagarko a damunar 2023. Amma ranar da aka ɗora shafi suke dubawa, ba ranar da abin ya faru ba. Littafin 1931 da aka ɗauki hotonsa aka ɗora shekaran jiya, a idon na'ura na shekaran jiya ne.

To da me za a auna tsufa? Da rubutun sunan. Kajji da Attakka za su kai ka zamanin Tremearne, wanda sunan littafinsa kansa cin fuska ne ga mutanen da ya rubuta a kansu. Katab da b za ta kai ka ga C.K. Meek, wanda ya keɓe wa Katab da maƙwabtansu babi a littafinsa Tribal Studies in Northern Nigeria na 1931, da Harold Gunn a 1956. Kadara da Kagoro za su kai ka ga M.G. Smith, marubucin Government in Zazzau na 1960, wanda ya yi nazarin aure da siyasar waɗannan al'ummu biyu. Kataf da f ta fi yawa a jaridu da takardun gwamnatin Najeriya. Atyap da Bajju kuwa sun yi ƙarfi a rubuce ne bayan 'ya'yan ƙasar sun kama alƙalami da kansu, musamman bayan an ƙirƙiri masarautun Atyap da Bajju a 1995, zamanin gwamnan soja Lawal Ja'afaru Isa. Suna ya zama kamar tambarin gidan waya a bayan ambulan, yana faɗa maka lokacin da aka aiko wasiƙar, har da wanda ya aiko ta.

Haka sunan yankin gaba ɗaya. Abin da muke kira Kudancin Kaduna yau, tsofaffin takardu Kudancin Zariya suke ce masa. An kafa Jihar Arewa ta Tsakiya a 1967, aka sauya mata suna zuwa Kaduna a 1976, aka cire Katsina a 1987, daga nan sabon sunan ya samu gindin zama. Mai neman koke-koken da mutanen yankin suka kai gaban hukumar Willink, wadda ta saurari ƙananan ƙabilu a 1957 da 1958, in ya sa Kaduna a cigiyarsa ya kauce hanya. In aka ƙara komawa baya, Jama'a tana cikin lardin Nasarawa, wadda Turawa ke rubutawa da s biyu, har zuwa 1926 da aka mayar da ita sabon lardin Filato, daga baya ta koma lardin Zariya. Kagoro da Jaba da Moro'a kuwa Turawa sun bar su da sarakunansu, ba su sa su ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba. Ke nan tarihin gari ɗaya yana iya rabuwa a kundin larduna uku a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Ko a 'yan shekarun nan an sake taɓa sunaye, lokacin da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta mayar da sunayen wasu masarautu daga na ƙabila zuwa na gari, Agom Adara ya koma Agom Kachia. Ɗalibin da zai zo nan da shekara hamsin sai ya san duka biyun.

Jama'a, da wahalar baƙaƙe

Babu sunan da ya fi wahalar da mai nema kamar na masarautar da Kafanchan ke zaman fadarta. An kafa ta a farkon ƙarni na 19, wajen 1810, a hannun Malam Usman, tana biyayya ga Zazzau, ana kiranta Jama'ar Daroro. A 1927 aka kammala layin dogon da ya haɗa Fatakwal da Kaduna, aka cire reshe zuwa Jos daga Kafanchan, sai ƙaramin wuri ya zama mahaɗa, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suka kwararo daga kudu da arewa. A 1933 Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa nan.

Yanzu dubi yadda ake rubuta sunan: Jama'a, Jema'a, Jemaa, Jemaan Daroro. In ka rubuta shi da ƙa'idar Hausa, ya narke cikin kalmar jama'a ta yau da kullum, wadda babu shafin Hausa da ba ta ciki. In ka rubuta Jemaa, na'ura na iya kai ka dandalin Jemaa el-Fna na birnin Marrakesh a Maroko. Ga kuma Jama'are ta jihar Bauchi tana jira a gefe. A nan ne alamar zancen wani take aiki, wato 'yan ƙugiyoyin nan biyu da muke buɗe magana da rufe ta da su. Duk abin da ka sa a tsakaninsu, ka ce wa na'ura haka nake so, a jere, kada ki sauya. "Sarkin Jama'a" a cikin alamar ya bambanta ƙwarai da sarkin da jama'a a warwatse.

Sunan Kafanchan ma yana da nasa. Turawan reluwe sun rubuta shi da ch, haka ya zauna a allon tasha da taswira. Ƙa'idar Hausa kuwa c kaɗai ta sani, don haka za ka tarar da Kafancan a wasu rubuce-rubucen Hausa, kamar yadda Kachia kan zama Kaciya, citta kuma wasu su rubuta chitta. Sai baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka kafu a boko tun shekarun 1930, zamanin Rupert East da hukumar fassara ta Zariya. Mai rubutu a waya yakan yi jirgin ƙasa, wani jirgin kasa, wani jirgin qasa. Akwatin nema na jaridu da ɗakunan karatu sau da yawa yana ɗaukarsu kalmomi uku daban. Masu rubuta Tyap da Jju su ma suna da wasali mai layi a ƙasa, kamar a A̱tyap da Ba̱jju. Mai haƙuri yakan gwada da lanƙwasa, ya sake gwadawa babu ita.

Wata matsalar kuma ita ce karambanin na'ura. Sunaye irin Jju da Tyap ba su yi kama da kalmomin da ta fi sabawa da su ba, sai ta zaci kuskure ne ta gyara maka. Alamar zancen wani ita ce ke hana ta.

Takwarorin da ba dangi ba

Nok ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba, ba nisa da Kwoi. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu a wurin. A 1943 aka kai wa wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wani kan da aka samu kusa da Jama'a, ya ga kamanninsu ɗaya, ya raɗa wa al'adar da ta ƙera su sunan ƙauyen. Masu bincike daga jami'ar Frankfurt ta Jamus, waɗanda suka fara aiki a yankin a 2005, sun nuna cewa tushen al'adar ya kai wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Wannan suna ne da ya kamata duk ɗan Najeriya ya yi alfahari da shi. Amma baƙaƙen nan uku su ne kuma alamar kuɗin ƙasar Norway, su ne alamar hannun jarin kamfanin Nokia, akwai kuma kamfanin jirgin sama na Thailand mai wannan suna.

Ham ta fi shiga uku. A Turanci kalmar tana nufin wani nau'in naman alade, ga ƙungiyar ƙwallon West Ham ta Landan, ga Ham ɗan Annabi Nuhu. Ka ce bari in bi ta sarautarsu, Kpop Ham, sai kalmar farko ta yi karo da sunan waƙoƙin zamani na Koriya. Kaura ta jihar Kaduna tana da maƙwabciya Kauru, harafi ɗaya ya raba su, ga Ƙaura Namoda a Zamfara, ga sarautar Ƙauran Katsina.

Maganin takwara iri biyu ne. Na farko alamar ɗebewa ta lissafi, wadda ake manna wa kalma a gabanta ba tare da tazara ba. Kaura -Namoda na nufin a kawo Kaura, a zubar da duk shafin da ya ambaci Namoda. Wannan ita ce "ba ta da ƙaho" ta mai cigiyar akuya. Na biyu, wanda ya fi inganci, shi ne haɗa sunan da abokin tafiyarsa wanda babu mai shi sai shi. "Tuk Ham", bikin shekara na mutanen Ham, ba ya da takwara. Haka Nok da Kwoi, haka Kagoro da Afan, bikin da ake yi kowace ranar 1 ga Janairu, haka Kagoro da Gwamna Awan, sarkin da ya riƙe ƙasar daga 1945 har rasuwarsa a 2008. Haka Bajju da Baranzan, kakan da suke danganta kansu da shi. Waɗannan kalmomi babu injin da zai koya maka su. A bakin tsofaffi ake jin su, a kasuwa, a wurin biki.

Wane rumbu za a buɗe?

Sharaɗi na gaba shi ne wuri. Kalmar site: tana tsare nema a rumbu guda. Idan ka rubuta site:edu.ng kafin ko bayan sunan da kake so, jami'o'i da kwalejojin Najeriya kaɗai za a duba. Ka ƙara filetype:pdf, sai kundayen digiri da maƙalu su fito, ciki har da na Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta raɗa wa rumbunta na intanet sunan rafin Kubanni. Da site:gov.ng takardun hukuma za ka samu. A nan kuma dole ka koma ga sunan hukuma, domin Zangon Kataf da Jaba da Jema'a su ne sunayen da ke cikin jerin ƙananan hukumomi na tsarin mulkin 1999, tare da Kachia, Kagarko, Kaura, Kauru da Sanga, takwas ɗin da suka haɗu suka zama mazaɓar sanatan Kaduna ta Kudu. Kalmar intitle: kuma tana neman suna a kan shafi kawai, ta raba shafin da aka rubuta domin Kafanchan da wanda ya ambace ta a wucewa.

Akwai wani abu da ya taɓa min zuciya a nan. Masana harsuna na duniya sun ba kowane harshe lamba ta baƙaƙe uku, da ita kwamfuta ke gane shi. Lambar Jju ita ce kaj. Ta Hyam jab. Ta Adara kad. Kaje da Jaba da Kadara ke nan, suna kwance a cikin ƙashin na'ura bayan masu harshen sun daɗe da sauya sunan da ake kiransu. Tyap tana da kcg, kuma da wannan lamba aka buɗe Wikipedia ta harshen Tyap a 2022, aikin da 'ya'yan ƙasar suka yi da hannunsu. Wanda ya san lambar zai iya tsare nemansa a wannan rumbu, ya karanta yadda Atyap da Fantswam da Agworok ke faɗin sunayen garuruwansu da bakinsu. Ka ga tsohon suna bai mutu ba, sabon kuma bai tsaya jira ba. Mai nema na gaskiya yana riƙe da duka biyun.

Kada a manta da rumbun Hausa. Tun da mishan ta SIM ta kafa tasha a Kwoi a 1910, aka kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta zama harshen wa'azi da waƙa a majami'un yankin, kamar yadda take harshen kasuwa da masallaci. Mutumin Kagoro da mutumin Gwantu in sun haɗu a tashar Kafanchan, galibi da Hausa za su gaisa. Don haka wani ɓangare na tarihin waɗannan al'ummu da Hausa aka rubuta shi, kuma da kalmomin Hausa za a same shi.

Kafanchan da ke bayan hayaƙi

Duk wanda ya rubuta sunan garin nan shi kaɗai ya san abin da ke yawan tarbarsa: rikicin Maris 1987, wanda ya tashi daga kwalejin ilimi ya bazu zuwa Kaduna da Zariya, na Zangon Kataf a 1992, na bayan zaɓen Afrilu 2011. Waɗannan abubuwa sun faru, an rasa rayuka a kowane ɓangare, kuma ba mai hankalin da zai ce a share su. Amma injin nema yana ɗaga abin da aka fi rubutawa ne, jaridu kuma sun fi zuwa garinmu ranar da hayaƙi ya tashi. Yaron da ke Kano ko Maraɗi, wanda bai taɓa takowa nan ba, sai ya ɗauka iyakar Kafanchan ke nan.

Wanda ya iya cigiya zai ga sauran. Ya haɗa sunan da reluwe, ya ga garin da Ibo da Yarabawa da Hausawa da Fantswam da Nikyob suka gina tare a gefen layin dogo. Ya haɗa shi da Matsirga, ya ga ruwan da ke zubowa daga kan dutse kusa da Madakiya. Ya haɗa shi da citta, ya ga manoman da amfaninsu ke tafiya har ƙasashen waje. Ya haɗa shi da Gidan Waya, ya ga kwalejin da ta yaye malamai masu yawa. Ya nemi Fadan Kagoma, ya ga mahaifar Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan yankin na farko da ya zama gwamnan farar hula na jihar Kaduna, daga 2010 har rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Disamba 2012. Duk suna nan a rubuce, suna jiran wanda zai kira su da sunansu.

Sunan nema da sunan kira

'Yar maƙwabcina ta gama aikinta. Da ta kawo min in duba, na ga ta yi abin da ya dace. A shafin farko ta rubuta cewa mutanenta Bajju ne, waɗanda tsofaffin takardu ke kira Kaje ko Kajji. Daga nan har ƙarshe Bajju ta riƙa cewa. Da layi ɗaya ta gina gada: duk wanda ya zo ta tsohon suna zai same ta, kuma zai fita da sanin sunan gaskiya.

Wannan ita ce ƙa'idar da nake roƙon marubutan Hausa, 'yan jarida, malaman makaranta da masu wa'azi na kowane addini su riƙe. Da tsohon suna ake tono takarda, da sunan da mutum ya zaɓa ake kiransa. Ka san Kataf domin ka iya karanta abin da aka rubuta jiya, amma ka ce Atyap idan kana magana da maƙwabcinka ko kana rubutu a kansa. Kalmomin raini irin arna, waɗanda takwarorinsu na Turanci suka cika kanun tsofaffin kundaye, a bar su a cikin kundayen. 'Yan'uwanmu na Kudancin Kaduna kuma, masu rubuta tarihin gidajensu yanzu, ina roƙonsu kada ɓacin rai ya sa su goge tsohon suna kwata-kwata, domin jikan da bai taɓa jin Kajji ba zai tsaya a bakin rumbun kakanninsa babu mabuɗi. A ambace shi sau ɗaya, a faɗi inda ya fito, a wuce.

Kai kuma ɗalibi, kafin ka taɓa waya, ɗauki takarda ka je wurin tsohon da ke unguwarku. Tambaye shi sunan garin da harshen gida, da sunan da Hausawa ke kiransa, da yadda Turawa suka rubuta, da sunan sarautar, da bikin, da dutsen, da rafin. Rubuta su duka, sa'an nan ka zo ka yi cigiyarka.